Mijina ya faɗo daga motar aikin titi, kuma yayana ne ke tuƙi

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Daga Daura nake rubuto maki, wallahi kaina ya kulle. Maigidana lebura ne a wani aikin titi da ake yi a wajen gari, yayana uwa ɗaya uba ɗaya shi ya samo masa aikin don shi direba ne a wurin. Yau kwana 9 kenan, sun tashi aiki da yamma aka ce su hau bayan mota kan buhunan siminti da allunan hanya, ƙofar bodin dama ta lalace da igiya ake ɗaure ta, foman ya ce a ja mota shi kuma bai gama zama ba, motar ta faɗa wani rami ya wuntsulo ta baya. Ƙwaurinsa na dama ya karye, kansa ma ya bugu. An kai shi wurin mai ɗori, yanzu ƙafar ta kumbura baya iya barci, ga faɗa da ya koma yi mani kan abin da bai kai ya kawo ba, mutumin da ko tsawa bai iya ba. Ɗan kwangilar ya aiko da dubu 150 da wata takarda da turanci wai ya sa hannu an gama magana, kuma an faɗa wa Yaya in muka tada zance shi za a kora a miƙa wa 'yan sanda. Ƙannen mijina suna cewa sai an kai ƙara, Innarmu na kuka tana cewa ƙaddara ce kar in tona wa ɗan'uwana asiri. Yara 4 gare mu, na fara tunanin sayar da gadona da firij. In na goyi bayan miji na kashe Yaya, in na yi shiru na ci amanar uban 'ya'yana. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ne. Na karanta saƙonki sau biyu, kuma kafin mu taɓa zancen kuɗi ko na Yaya ko na Inna, akwai abin da ya hana ni sukuni, wato ƙafar nan da kan nan. Ki ajiye wayar in kin gama karanta wannan sakin ki je ki yaye zanen da aka rufa masa ki duba yatsun ƙafar. Ki taɓa su ki ji ko sun yi sanyi in kin haɗa da na ɗaya ƙafar, ki danna farcen babban yatsa ki saki ki ga ko jini na dawowa da wuri, ki ce ya motsa su, ki tambaye shi yana jin taɓawarki ko sun mutu kamar an zauna a kai. In sun fara baƙi, ko akwai ƙuraje masu ruwa a gefen karan ɗorin, ko wari, ko zazzaɓi, to ba maganar sai gobe ba ce, yau ɗin nan a sassauta ɗaurin a nufi asibiti. Ni ba na zagin masu ɗori, akwai waɗanda Allah ya ba hannu kuma kowa a cikinmu ya san wanda ya warke a wurinsu, amma mai ɗori baya ganin cikin ƙafa, kuma ƙwauri wuri ne mai matsi, in ya kumbura aka kuma ɗaure shi tam da kara jini baya samun hanya, naman ya mutu, daga karaya a koma maganar yanke ƙafa. Kumburi da ciwon da ke hana barci bayan kwana 9 ba abin a ce a ƙara haƙuri ba ne. A fara da babban asibitin nan na Daura a yi hoto, in sun ga abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku Katsina, akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya akwai asibitin Janar Amadi Rimi, in ta kama ma har asibitin ƙashi na Dala a Kano.

Kuma ki faɗa wa likita da bakinki cewa kansa ya bugu, kar ki bari a tsaya kan ƙafa kawai don ita ce ake gani. Faɗan da kika ce ya koma yi, eh, yana iya zama baƙin cikin magidanci ne da ya saba fita da asuba ya dawo da cefane yau ga shi sai an kawo masa fo, wannan kaɗai ya isa ya sa mai haƙuri ya zama masifaffe. Amma buguwar kai ma tana canja hali, kuma jini na iya taruwa a hankali a cikin kai sai bayan kwanaki ko makonni ya nuna. Ki lura ko yana ciwon kai mai ƙaruwa, ko amai, ko yawan gyangyaɗi da rana, ko ya tambaye ki abu ya sake tambaya kamar ba a yi ba, ko hannu ɗaya ya yi nauyi. Duk wanda kika gani ki faɗa.

To yanzu zancen takarda. Kar ya sa hannu, kar ya dangwala, kar wani ya sa a madadinsa. Ki ɗauki hotonta da waya gaba da baya ki ajiye. In za su bar kuɗin a matsayin taimakon magani a karɓa, a rubuta a ƙaramar takarda da Hausa cewa an karɓi naira dubu 150 ranar kaza don magani, shaidu biyu su sa hannu, shikenan. In kuma sun ce ba kuɗi sai da sa hannu a tasu takardar, to kin ga sun faɗa maku da kansu me suke son saya. Ki yi lissafi mana, karayar ƙwauri ga babban mutum watanni take ci kafin ya taka sosai, balle ya koma ɗaukar kwanon siminti, ga hoto, ga magani, wataƙila ga aiki a sa ƙarfe, ga bakuna shida a gida. Dubu 150 ɗin nan ko rabin hanya ba za ta kai ku ba.

Abin da na ga ya ɗaure ki shi ne kin ɗauka hanya biyu ce kawai, ko miji ko Yaya. Wanda ya tsara maki zancen a haka shi ne ɗan kwangilar, don ya san in ya sa wuyan Yaya a tsakiya kowa zai yi shiru. Alhali haƙƙin da mijinki ke da shi ba a aljihun Yaya yake ba. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta shekarar 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta tarayya, wato NSITF, ke kula da ita, kuma tsarinta shi ne mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata a wani asusu, daga aljihunsa, ba a cire wa ma'aikaci ko kwabo. In ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki daga asusun nan ake biya, kuma ba sai an tsaya an tabbatar laifin wane ne ba, abin da ake dubawa kawai shin a wurin aiki ko ta dalilin aiki abin ya faru. Kin ga kenan ba a buƙatar a ɗaure direba kafin a biya lebura. Za su ce maku ai shi ɗan jinga ne, kullum ake biyansa ko duk sati, ba shi da takardar ɗauka. Dokar ta haɗa har da ma'aikacin wucin gadi da na rana-rana da ɗan koyo. Za su ce ai an riga an tashi aiki. Dokar ta haɗa da raunin da aka samu a hanya tsakanin wurin aiki da gida, balle wannan da a motarsu ne kuma da umarnin foman ɗinsu. Har ma ta ce duk yarjejeniyar da aka sa ma'aikaci ya yafe diyyarsa ba ta da ƙarfi, sai dai duk da haka na ce kar a sa hannu, don warware abin da aka riga aka dangwala wahala ce da kashe kuɗi da ba ku da su.

Amma fa akwai lokaci, kuma shi ya sa na tsallake wasu wasiƙu na amsa taki. Ana so a sanar da mai aikin cikin kwana 14 da faruwar abin, da sunansa za a yi, ke ko wani nasa ya kai tunda yana kwance. Na san sun sani, ai a gabansu ya faɗo, amma sanin baki daban na takarda daban, gobe ana iya cewa ba mu san shi ba. A samu mai rubutu mai kyau ya rubuta gajeriyar wasiƙa, sunansa, ranar, lokacin, daidai wurin, yadda ya faɗo da inda ya ji ciwo, kwafi biyu, a kai ofishinsu na wurin aikin a ba manaja ko foman ya sa hannu a naku kwafin. In ya ƙi karɓa a tura masa hotonta ta WhatsApp a ajiye shaidar turawa, wanda ya raka ku kuma ya zama shaida. Su kuma doka ta ɗora masu su kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Neman diyyar kanta ana shigar da shi cikin shekara 1, amma kar wannan ya sa ku miƙe ƙafa.

Nan ne asibiti ya sake shigowa. Mai ɗori baya ba da rahoton likita, baya ba da rasit, ba hoto. Ranar da aka ce ku kawo shaidar rauni, katin asibiti da hoton ƙashi da takardar likita su ne za su yi magana. Ki nemi leda mai kauri ko tsohuwar jakar makarantar yara ki mayar da ita ma'ajiyar wannan magana kaɗai, duk rasit ko na naira 500 ne ki jefa, har kuɗin Keke Napep ki riƙa rubutawa a bayan littafi. In yana da katin shaidar aiki, ko rigar nan mai ƙyalli da suke sawa, ko alat na banki da aka taɓa biyansa, ko hotonsa a wurin aikin a wayar wani abokinsa, duk a tattara. Ki sa a karɓo lambobin mutum biyu ko uku da ke bayan motar ranar, yanzu tun ana jin tausayi, don aikin titi yau ana nan gobe an matsa gaba, leburori sun watse kowa ya kama gabansa. Kuma in da hali wani ya ɗauki hoton ƙofar bodin nan da igiyarta kafin a kai ta wurin mai walda, don ina tabbatar maki za a gyara ta cikin satin nan in ba a riga an gyara ba.

Ba zan ɓoye maki ba, ƙananan 'yan kwangila da yawa ba sa yin rajista da asusun nan, wasu ma babban kamfani ne ya yanka masu wani yanki na aikin, kwalbati ko zuba burji, su kuma su kwaso leburori ba takarda ba komai. In haka ne hanyar za ta yi tsawo amma ba ta toshe ba. A binciko sunan babban kamfanin da ke riƙe da aikin, yawanci yana jikin allon da ake kafawa a bakin hanya. Sai ɗaya daga cikin ƙannen mijin naki, mai sanyin kai ba mai zafin ba, ya shiga Katsina da jakar takardun nan ya je ofishin NSITF ya tambaya ko kamfanin na da rajista, ya leƙa ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, sannan ofishin Legal Aid Council inda ake ba marasa ƙarfi lauya kyauta. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a. In abin ya kai ga shari'a, kotun ma'aikata ce ke sauraren irin wannan, kuma lauya ne zai faɗa maku wanne ya fi maku tsakanin bin asusu da shigar da ƙara, kar ku yanke wannan da kanku a tsakar gida. Sau da yawa ma ba a kaiwa can, daga ɗan kwangila ya ga wasiƙa mai hatimi sai murya ta sauka a dawo teburin sulhu. Sulhu ba laifi ba ne, in an zauna da dattawa, mai unguwa ko limami, da wanda ya san doka a gefenku, bayan likita ya faɗi abin da ƙafar za ta ci. Abin da ban yarda da shi ba shi ne sulhun da aka aiko da shi a ambulan ɗin wasiƙa alhali mutum na kwance yana nishi.

Yanzu Yaya. Ina jin tausayinsa wallahi, mutumin da ya nema wa mijin ƙanwarsa abinci ga shi ta hannunsa abu ya faru, na tabbata shi ma ba barcin kirki yake ba. Amma kar mu wanke shi tas. Direba ne, sitiyari a hannunsa yake, ko foman ya yi ihu ya ce a ja, shi ne ya kamata ya duba madubi ko ya leƙo ya ga kowa ya zauna, kuma ya san ƙofar da igiya take. Yana da nasa kason. Sai dai kason nasa bai kai na wanda ya bar mota da ƙofa a lalace ba, ya kuma ga ya fi masa arha ya ɗora mutane kan siminti da ya kawo motar ɗaukar ma'aikata. Ni kaina ina ganinsu da sassafe in na fito ta Ƙofar Ƙaura, an cika bayan a-kori-kura ko tifa da samari, wani ya zauna a kan bakin bodi ƙafafu na reto a waje, hannu ɗaya riƙe da shebur ɗaya riƙe da ledar koko, ba hular kwano ba abin kamawa, in mota ta taka birki sai ka ga duk sun tafi gaba kamar buhuna. Mun saba gani har ya daina ba mu tsoro. Ba gudu ake buƙata ba, daga tsayin bodin tifa zuwa kwalta ko a tsaye motar take ya isa ya fasa kai.

Ki je ki same shi ke kaɗai, ba a gaban Inna ba, ba a gaban matarsa ba. Ki ce Yaya ni ban zo neman kanka ba, kuma ba za mu kai ka wurin 'yan sanda ba, abu biyu nake roƙo, ka faɗi gaskiyar yadda aka yi in an tambaye ka, kuma kar ka sa hannu a wata takarda da za ta ce laifinka ne kai kaɗai. Wannan na biyun don kare shi ne, domin wanda ya yi barazanar miƙa shi yau, gobe in wuta ta yi zafi shi zai fara turawa gaba ko kun yi shiru ko ba ku yi ba. Zai iya rasa aikin? Zai iya, ba zan yi maki alkawarin ƙarya ba. Amma direba mai lasisi da lafiyarsa yana samun wata motar, wanda aka yanke wa ƙafa fa? Kuma in bai zo ya duba mijinki ya ba shi haƙuri baki da baki ba, ya zo, kunya ce ke hana shi na sani, amma rashin zuwan ne ke ƙara hura wutar ƙannen.

Su kuma ƙannen mijinki, zafinsu na ƙauna ne, kar ki ɗauke su abokan gaba. A nuna masu cewa kai Yaya caji ofis ba zai sayi ko Panadol ba, sai dai ya cinye ɗan abin da ke hannu a zirga-zirga ya kuma raba gida biyu da ke da jikoki 4 a tsakani. A ba su aikin yi, wannan ya bi takardu, wancan ya nemo shaidu, wani ya riƙa kwana da shi a asibiti. Mai zafin rai in ya samu inda zai sa ƙarfinsa yakan lafa.

Inna kuwa a bi ta a hankali, uwa ce, ɗanta take gani a bakin rami. Gaskiyarta ƙaddara ce, ba mai musu. Amma addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne ya sa diyya a kan kisan kuskure da raunin kuskure, kuma malamai sun yi bayani cewa diyyar kuskure ba a kan wuyan mutum ɗaya ake jibga ta ba, danginsa ne ke haɗuwa su ɗauka. Karɓar haƙƙi bai saɓa wa tawakkali ba, kuma mijinki na iya yafe wa Yaya har zuciyarsa ya kuma nemi abin da ke kan kamfani. In daga bakinki ba za ta ji ba, ki nemi malamin da take girmamawa ko wani kawunku ya faɗa mata, da kalmar da take son ji a farko, cewa ba wanda zai taɓa ɗanta.

Abu ɗaya da ban ji a wasiƙarki ba shi ne me shi maigidan ya ce. Kowa na magana a kansa, Inna, ƙanne, ɗan kwangila, ke, har ni. Ƙafarsa ce kuma haƙƙinsa ne. Ki zaɓi lokacin da ciwon ya lafa, bayan ya ci abinci yara sun fita, ki karanta masa wannan in kin ga dama, ki ce Abban yara me kake so a yi. Mai yiwuwa shirun da faɗan duk na tsoron kar ya sa ki a tsaka mai wuya da 'yan'uwanki ne. In ya ji daga bakinki cewa neman haƙƙinsa ba zai raba ki da kowa ba, wani nauyin zai sauka.

Gado da firij kuma ki dakata tukun. Firij ɗin ma in kina da wuta ko kusa da mai sola, shi zai riƙe ku da ƙanƙara da zoɓo a watannin nan. In dole sai an sayar da wani abu don kuɗin hoto da gadon asibiti, a fara da abin da baya kawo kuɗi, a kuma fara tambayar dangi da 'yan adashinki a ba ki ɗauka ta gaba, ki rubuta duk abin da aka ranta a littafin nan. Ke ma ki samu wadda za ta karɓe ki ko na yini ɗaya ki yi barci, mai jinya in ta faɗi an zama biyu.

Gobe da safe asibiti in alamun nan ba su sa an tafi tun yau ba, wasiƙar sanarwa kafin kwana 14 su cika, Yaya kuma in kin dawo. Ki rubuto mani abin da hoton ya nuna da abin da likita ya ce game da kan, in kuma an kawo wata sabuwar takarda ki turo mani hotonta kafin kowa ya taɓa biro. Ki gaishe da mai jiki.